Yadda ake ɗebo dutse a Antaktika a kai shi ɗakin gwaji bai rasa labarinsa ba

Duk wanda ya zo mini da maganar zuwa aikin duwatsu a Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, abu ɗaya nake fara tambayarsa: me kake so dutsen ya faɗa maka? Shekarunsa kake nema, ko sinadaran da ke cikinsa? So kake ka san lokacin da ƙanƙara ta janye daga kansa, ko inda maganaɗisun duniya ya fuskanta ranar da ya daskare? Kowace tambaya da irin ɗibanta, da girman gutsuren da take bukata, da abin da dole a rubuta kafin a ɗaga guduma. Ɗalibin da ya hau Kufena a Zariya ya manta bai auna wani abu ba, mako mai zuwa sai ya koma. A can babu wannan. Lokacin aiki daga wajen Nuwamba ne zuwa ƙarshen Janairu, jirgi mai saukar ungulu na iya ajiye ka a kan tsauni sau ɗaya tak, kuma yatsunka ba za su ba ka fiye da 'yan mintuna a wajen safar hannu ba. Saboda haka rabin aikin ɗakin gwaji a fili ake yanke shi, rabin aikin fili kuma tun a gida.

Zan yi magana a kan yankin da na sani, wato Busassun Kwarurukan McMurdo, a gefen Tekun Ross. Abin da ƙanƙara ba ta rufe ba a nahiyar nan bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma waɗannan kwaruruka, Taylor da Wright da Victoria, su ne fili mafi girma da ya tsira, wajen murabba'in kilomita 4,800. Babu ciyawa, babu bishiya, babu ƙasar noma da za ta ɓoye maka komai. In ka tsaya a gindin kwari ka ɗaga kai, tarihin yana jere a bango. A ƙasa akwai giranit mai shekara wajen miliyan 500. A kansa wani shimfiɗaɗɗen layi da ake kira Kukri, inda zaizaya ta aske tsoffin tsaunuka. Daga nan sai dutsen yashi mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira Beacon, sannan baƙin dutsen dolarayit na Ferrar da ya kutsa tsakaninsu yana narke, ya kwanta a kwance, wani kaurinsa ya kai ɗaruruwan mita. Shekarun dolarayit ɗin wajen miliyan 183 ne, sa'an duwatsun Karoo na Afirka ta Kudu da Lesoto, domin a lokacin Afirka da Antaktika suna manne cikin babbar nahiyar Gondwana.

Kafin tafiya, ka duba abin da wasu suka riga suka ɗebo. Jami'ar Jihar Ohio a Amurka tana da ma'ajiyar duwatsun yankunan ƙanƙara, da dubban samfura da bayanansu a intanet, kuma tana ba masu bincike aro. Sau da yawa za ka tarar rabin tambayarka na kwance a akwati tun shekarun 1960. Sai batun izini. Yarjejeniyar Antaktika da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ta keɓe nahiyar don zaman lafiya da bincike, ƙarin da aka yi mata a Madrid a 1991, wanda ya fara aiki a 1998, ya haramta haƙar ma'adinai. Ɗibar dutse don ilimi halal ne, amma da takarda, kuma akwai wuraren da ba a shiga sai da izini na musamman. Ka rubuta wurin da za ka je da kimanin nauyin da za ka ɗauka. Ka wanke takalmanka da aljifan jakarka tas, kada ƙwayar ciyawa ta bi ka.

Kayan aiki ba su da yawa. Guduma biyu, ƙarama ta masu duwatsu da babba mai nauyin kilo biyu ko fiye, domin dolarayit ba ya jin lallashi. Kurfi guda biyu ko uku. Madubin ƙara girma mai ninki goma, a rataye a wuya da zare, cikin riga, don kada ƙarfensa ya manne maka a fatar ido. Tabarau mai kare ido daga tartsatsin dutse da hasken rana duka. Ƙarfe yana ƙara gautsi a sanyi, don haka kada ka taɓa dukan guduma da guduma. Biro ba ya aiki, tawadarsa daskarewa take yi. Fensir za ka riƙe, da yawa, a fiƙe ta kai biyu tun a tanti. Batir kuma a aljihun ciki yake kwana, kusa da jiki, har cikin jakar barci. Jakunkunan samfur na yadi sun fi leda, don leda tsagewa take yi in ta sha sanyi.

Lambobin samfur ka rubuta su tun da dare, a cikin tanti, hannunka da ɗumi. Kowace jaka da lambarta a jiki, da 'yar takarda mai lambar a ciki. A fili abin da ya rage maka shi ne ka rubuta lambar a jikin dutsen da alƙalamin fenti da ka ɗumama a hammata. Wuri uku ke nan. Akwatunan za su sha jijjiga a jirgin sama da na ruwa, kuma na ga yadda gogayya ke cinye rubutu a jikin dutse; in ɗaya ta goge, biyu na nan.

Na ce da dare, amma a wannan lokacin rana ba ta faɗuwa. Zagaye take yi a sama, da tsakar rana tana arewa, da tsakar dare tana kudu. Tashar McMurdo ta Amurka da Scott Base ta Niyuzilan suna bin agogon Niyuzilan, ni ma da shi nake tsara barci. Salla kuwa na bi lokutan Christchurch, garin Niyuzilan da jirage ke tashi daga cikinsa zuwa can, bisa fatawar malamai cewa a ƙaddara da gari mafi kusa da ke da dare da rana. In ruwa ya gagara taɓuwa, dutsen taimama bai taɓa yin wuya ba.

Rayuwar sansani tana da dokoki uku da ba na sassautawa. Kada a kunna risho a tanti a rufe ko'ina, domin hayaƙin da ba a gani, ba a jin warinsa, shi ya fi sanyi kisa. A kira tasha da rediyon oba-oba a lokacin da aka yanka kowace rana, don in ba a ji ku ba za a tashi mutane nema. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi, iskar wurin busasshiya ce ƙwarai. Kowa ya riƙa duba fuskar abokinsa. Farin tabo a kumatu ko hanci alamar fata ta fara daskarewa ce, mai shi kuma ba ya ji. Man fetur da ya kwana a waje kada ya zubo maka a hannu, nan take yake ƙona fata da sanyi. Duk abin da ya fito daga jikin mutum, har fitsari, a mazubi yake tafiya, jirgi ya kwashe. Iskar da ke gangarowa daga tudun ƙanƙara kan taso ba sallama, saboda haka duk abin da ka ajiye, ko littafi ne, ka danne shi da dutse.

Yanzu ga falalen dutse a gabanka. Kada ka fara da guduma. Ka ja baya ka zana bangon a littafi, ka nuna ina dutsen yashi ya ƙare, ina dolarayit ya fara. Hoto yana da amfani, a sa guduma a ciki don a gane girma, amma zane ne ke tilasta maka ka duba. Sannan ka tabbatar abin da za ka fasa uwar dutse ce, ba gutsuren da ya gangaro ba. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Sanyi ya farfasa saman tsaunuka da yawa har sun zama tarin ɓaraguzai, dutse mai girman ɗaki na iya zama baƙo da ƙanƙara ta ɗauko daga nisan ɗaruruwan kilomita. Ka bi layukan jikinsa da ido ka ga ko sun dace da na maƙwabtansa. In kana shakka, ka rubuta shakkar a littafi. Ka ɗauki wuri da tsawo da GPS, ka rubuta da fensir, kada ka dogara da ƙwaƙwalwar na'ura.

Batun kamfas shi ne inda baƙi suka fi faɗawa rami. Ƙarshen maganaɗisun duniya na kudu ba a tsakiyar nahiyar yake ba, yana cikin teku daura da gaɓar Adélie. A yankin McMurdo bambancin arewar kamfas da arewar gaskiya ya kai wajen digiri 140, allurar kuma ƙasa take son nunawa fiye da gefe, sai ta yi ta jan jiki. Ga shi dolarayit kansa yana da ma'adinin da ke jan allura. Kamfas ɗin da aka daidaita don Najeriya ma ba zai juya da kyau ba, sai wanda aka yi wa nauyin kudu. Mafita ita ce rana, tunda kullum tana nan. Ana kafa ɗan tsinke a tsaye, a karanta kusurwar inuwarsa, a rubuta lokaci daidai da agogon duniya na GPS, daga baya a lissafa arewar gaskiya. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa ɗaya, wato kuskuren minti huɗu a agogo kuskuren digiri ɗaya ne a ma'auni. Ni ina rubuta duka biyun, na kamfas da na rana, kuma a shafin farko na littafi ina bayyana ko lambobin an gyara su ko ɗanyu ne. Wanda zai karanta littafin bayan shekara ashirin ba zai same ka ya tambaya ba.

In samfurin na bukatar a san yadda yake kwance, kamar na nazarin tsohon maganaɗisu ko na lanƙwasar duwatsu, ka nemi fuska mai laushi, ka ja layin da yake daidai da shimfiɗar ƙasa, ka sa kibiya, ka sa ɗan gajeren layi mai nuna gangara, ka auna duka, ka rubuta, sannan ka fasa. Bayan fasawa ba a gyara wannan.

Girman gutsure ya danganta da girman ƙwayoyinsa. Dutse mai laushin ƙwaya, dunƙulen hannu ya isa gwajin sinadarai, wajen kilo ɗaya. Giranit mai manyan ƙwayoyi sai ka ninka, in ba haka ba ƙwaya ɗaya babba za ta karkatar da sakamakon. Ka fasa har ka kai ciki mai sabon launi. Duwatsun wurin suna da jan ɓawo mai sheƙi da iska da gishiri suka yi musu cikin dubban shekaru. Ka sassaƙe shi a nan, don bai kamata ka biya kuɗin jigilar abin da za ka zubar ba. Ɓaraguzan ka mayar da su ramin, kada ka bar wurin a warwatse.

A jikin dolarayit, inda ka ɗiba shi ne komai. Bakinsa, inda ya taɓa dutsen yashi mai sanyi, ya daskare nan da nan, ƙwayoyinsa ƙanana, kuma shi ya fi adana asalin sinadaran narkakken dutsen. In shekaru kake nema, haura sama ka nemi aljifan da ke da manyan ƙwayoyi masu haske, inda ragowar ruwan dutsen ya taru a ƙarshe. A nan zirkon ke samuwa, wato ƙaramin ma'adinin da ake auna shekarun dutse da shi, kuma ka ɗebi kilo da yawa, don ƙwayoyin da kake nema ba su kai kaurin gashi biyu ba.

Mai son sanin lokacin da ƙanƙara ta janye, aikinsa daban ne gaba ɗaya, har ya saɓa wa abin da na faɗa yanzu: shi saman dutsen yake so. Haskoki daga sararin samaniya suna dukan duk dutsen da ke fili, suna haifar da wani sinadari, beriliyom-10, a cikin kwaz, ma'adinin nan mai kama da gilashi, kaɗan-kaɗan kowace shekara. Yawansa shi ke nuna daɗewar dutsen a buɗe. Sai a hau tsaunin da ya leƙo ta cikin ƙanƙara, ana ɗibar baƙin duwatsun da ta bari a tsawo daban-daban, tsaunin ya zama kamar sandar da direba ke auna baƙin mai da ita. Ka sassaƙo santimita biyu zuwa biyar na sama, ka rubuta kaurin, ka auna tsawon wurin da kyau, ka auna yadda tsaunukan kewaye suka tare sama ta kowace fuska. Ka guji dutsen da ya mirgino ko wanda dusar ƙanƙara ke taruwa a kansa. Kuma kada ka ɗauki guda ɗaya a wuri. Ƙanƙarar Antaktika a wurare da yawa a daskare take har gindinta, tana wucewa ta kan dutse ba ta kankare shi, sai ya riƙe beriliyom na wani tsohon zamani ya ba ka shekarun da suka wuce gaskiya. Uku ko huɗu a tsawo ɗaya su ke tona wannan, kuma galibi mafi ƙarancin shekaru ya fi kusa da gaskiya.

Akwai abubuwan da za ka gani waɗanda ba naka ba ne. In ka fasa dutsen yashi ka ga siririn layi kore da baƙi a ƙarƙashin fatarsa, halittu ne masu rai a tsakanin ƙwayoyin yashi, irin waɗanda masanin ƙananan halittu Imre Friedmann ya bayyana a shekarun 1970. Girmansu a hankali yake ƙwarai, kada ka ƙara fasa wurin. In ka ga baƙin dutse mai ƙonanniyar fata shi kaɗai a kan shuɗiyar ƙanƙara, wataƙila daga sama ya faɗo. Kada ka taɓa shi da hannu. Masu wannan aikin da matsefin ƙarfe mai tsabta suke ɗauka, su sa a jaka ta musamman, a kai shi birnin Houston na Amurka a daskare. Wanda aka tsinta a Allan Hills a 1984, ALH84001, daga duniyar Mars ya zo. Ka ɗauki hoto da wuri, ka ba da rahoto. Duwatsun da iska ta sassaƙa su ma, komai kyansu, a bar su inda suke.

Nauyi zai dame ka, don matuƙin jirgi yana auna kowane akwati. Duk lokacin da na tsaya zaɓen abin da zan bari, ina tuna mutanen Robert Scott, Baturen Ingila da ya jagoranci tafiya zuwa ƙarshen kudancin duniya. A Fabrairun 1912, suna dawowa daga ƙarshen kudu a galabaice, suka tsaya a Tsaunin Buckley a saman kogin ƙanƙara na Beardmore, Edward Wilson, masanin kimiyyar tawagar, ya jagoranci ɗibar duwatsu. Da aka sami gawawwakinsu a Nuwamba, kilo 16 na duwatsun na tare da su. A ciki aka gano ganyen Glossopteris, bishiyar da burbushinta ke Afirka ta Kudu da Indiya da Ostareliya, shaidar cewa nahiyar ta taɓa yin daji kuma ta taɓa haɗuwa da sauran. Abin da ya ba duwatsun daraja shi ne an san inda aka ɗebo su. Saboda haka in dole ka rage kaya, ka bar wanda bayaninsa ya fi rauni, ko da ya fi kyau a ido. Sauran ka jera su a akwatin katako, ka cusa takarda ko yadi a tsakani har ba mai motsi. Jirgin ruwan da ke kawo kaya sau ɗaya a shekara shi zai kwashe su, sai bayan watanni za ku sake haɗuwa. Littafinka kuwa a jikinka zai hau jirgi, bayan ka ɗauki hoton kowane shafi.

A ɗakin gwaji, zarto ne farko. Kowane samfur a raba shi uku: na madubi, na niƙa, da na ajiya wanda ba za a taɓa ba. Na madubi ana manna shi a gilashi a goge shi har kaurinsa ya zama kashi 3 cikin 100 na milimita, haske ya ratsa shi. Dutsen yashi mai ruɓushi sai an fara shayar da shi gam, kuma in gishirin cikinsa kake nazari kada a yanka shi da ruwa. Ina roƙonka, kada ka aika komai gwaji mai tsada kafin ka zauna da wannan gilashin a ƙarƙashin maikuroskof. A nan za ka ga ko ma'adinan sabbi ne ko ruwan zafi ya taɓa lalata su, ko akwai jijiyar wani abu da ta ratsa. Na'ura za ta ba ka lamba ko da dutsen ruɓaɓɓe ne, ba za ta gaya maka ruɓaɓɓe ba ne.

Na niƙa a farfasa shi, a mayar da shi gari mai laushin da ba a jin sa tsakanin yatsu. Ka tambayi da me aka yi turmin injin: na tangistin yana zuba tangistin da kobal a cikin garin, in ƙananan sinadarai kake bi sai ka nemi na dutsen agat. Tsakanin samfur da samfur a niƙa farin yashi mai tsabta a zubar. Ana gasa ɗan garin a zafin wajen digiri 1,000 a ga nauyin da ya ragu, wanda ke nuna ruwa da iskar da ke ciki, sannan a narka shi ya zama ƙwayar gilashi a auna manyan sinadarai da na'urar XRF, mai haska samfur da hasken eksire. Jimillarsu ta faɗo kusa da 100. In ta yi nisa, a sake. Cikin kowane rukuni ka saka dutsen da aka riga aka san sakamakonsa, ka kuma saka samfur ɗaya sau biyu da lambobi daban ba tare da ka faɗa wa mai na'urar ba.

Zirkon ana tace shi da rariya, da maganaɗisu, da ruwa mai nauyi wanda sauran ma'adinai ke yawo a kansa shi kuma ya nutse, a ƙarshe a tsince shi ɗaya-ɗaya da hannu. Amfaninsa shi ne agogo biyu ne a cikinsa: yuraniyom-238 yana komawa dalma, rabinsa cikin shekara biliyan 4.47, yuraniyom-235 kuma cikin miliyan 704. In agogon biyu suka yi daidai, ka yarda da shekarun. In suka saɓa, ƙwayar ta yi asarar dalma ko tana da tsohuwar zuciya a ciki, shi ya sa ake ɗaukar hoton cikin kowace ƙwaya kafin a auna ta a na'ura. Duwatsun aman wuta irin na Erebus, tsaunin da ke hayaƙi a bayan McMurdo, da agogon fotashiyam da agon ake auna su. Kwaz na beriliyom kuwa sai an wanke shi da asid mai cin gilashi, wanda ke ratsa fata ya kai ƙashi. Wannan aikin ba a koyonsa daga rubutu, sai a gaban wanda ya iya.

Idan sakamako ya fito, ka buɗe littafin fili ka ajiye shi kusa da lambobin. Shekarun da suka fita daban, ka koma ka ga me ka rubuta ranar: uwar dutse ce ko ka yi shakka, bakin dolarayit ne ko tsakiyarsa. Kason ajiya kuma ka miƙa shi ga ma'ajiya tare da wuri, tsawo, ranar ɗiba, zanen bangon, ma'aunin kamfas da na rana, da lambar izini. Ɗalibin da ke Kano ko Yamai wanda bai sami kujera a jirgi ba zai iya neman aron gutsuren ya yi nasa binciken a kai. In kuma tafiyar yake so ta hanyar Afirka, Afirka ta Kudu na cikin ƙasashe 12 na farko, tana da tashar SANAE IV, jirgin ruwanta S.A. Agulhas II yana tashi daga Cape Town, kuma jami'o'inta ne wurin da ya kamata ya fara aika takarda.